Bencin da Baba Ya Raba Biyu

Wata safiya cikin watan Janairu na 1993, ina tsugune bayan teburin shayin Babana a bakin kwaltar Cadawa ina ɗauraye kofuna, sai ga mota da lasifika ta tsaya. Samari suka diro da tutar partinsu, suka ce a kafa ta jikin rumfarmu. Baba ya ce a'a cikin fara'a, har ya miƙa musu shayi, suka ƙi karɓa. Kafin azahar wata motar ta zo da tata tutar, ita ma haka aka rabu. Ni dai abin da ya dame ni ranar, tayoyinsu sun watsa mini ƙasa cikin ruwan wanke-wanke.

Shekarar nan lakol ba ta zauna ba, yau malamai na yajin aiki, gobe ɗalibai. Mukan je mu share fili, mu yi gaɗa da carafke a gindin dogon yaro, rana na yin zafi mu watse. An riga an kai gero rumbu, an gama roron wake, saboda haka aikina ya koma ɗebo ruwa a rijiya da jawo karan dawa na hura wutar Baba. Benci ɗaya gare shi, dogo, kuma kowa nan yake zama: masu amalanke, direbobin Maraɗi, mahauta. Malam Idi mai faci da Ɗan Tani mahauci kuwa, burodi ɗaya suke saye su raba, suna tsokanar juna kan wanda ya fi rowa.

Siyasa na shigowa, kowannensu ya kama partinsa, ko gaisuwa ta gagara. Abin haushi, da Baba ya ƙi tuta, sai kowane ɓangare ya ce ai na wancan ne yake ɓoyewa. Benci ya zama fayau. Burodi ya riƙa bushewa muna jiƙa shi da ruwan zafi, har na tsane shi, wallahi har yau ban cika son sa ba. Inna ta dage Baba ya sayar da tukunya da tebur ya tafi ci-rani Katsina kamar ƙannenta, don rumbun ba zai kai mu damina ba in babu ciniki. Shi kuwa kullum bayan asuba sai ya hura wuta, ya jera kofuna, ya goge tebur kamar za a yi baƙi. Yakan ce, "Wutar nan in ta mutu rana ɗaya, ƙafar mutane za ta koyi wata hanya."

Wata rana ya aro zarto wurin kafinta, ya yanka bencin gida biyu, ya ƙara musu ƙafafu, ya ajiye ɗaya gabas da tebur, ɗaya yamma. Inna ta dafa ƙirji ta ce, "Innalillahi! Ciniki ya gudu, Malam, bencin ma sai an yanka shi?" Amma a hankali mutane suka dawo, kowa ya nufi gefen 'yan partinsa, an juya wa juna ƙeya, tukunya na tafasa a tsakiya. Ɗan Tani yakan ce mini, "Ke ɗiyar nan, ce ma wancan ya miƙo sukari," alhali Malam Idi na jin sa sarai. Baba bai taɓa sa baki ba, zuba shayinsa kawai yake yi.

Da aka yi zaɓe, su Malam Idi suka faɗi. Bencin gabas ya cika da shewa, na yamma, na su Malam Idi, ko kaza ba ta hawa, kuma rabin ciniki bai isa ya riƙe gida ba. Sai Baba, wanda ban taɓa ganin ya zauna lokacin aiki ba, ya riƙa zuba wa kansa kofi ya je ya zauna a bencin waɗanda suka faɗi, ya bar masu murna suna kiran sa. Ya ce mini babu mai son ya zama na farko a wurin da za a yi masa dariya. Haka ya yi ta yi har wata safiya Malam Idi ya zo, hannu duk baƙin taya, ya zauna kusa da shi. Washegari ya zo da mutum biyu. Baba bai tafi Katsina ba.

Yanzu ina da shagon atamfa a Maraɗi. Ranar da kasuwa ta yi sanyi, kafin la'asar na ja ƙofa na koma gida ina mita a waya, ina zagin gwamnati da 'yan kasuwa. Baba ya rasu, inda rumfarsa take an gina wurin cajin waya, samari na tsaye kowa da kansa a sunkuye. Ina kewar sa ƙwarai. Ni jiran mai saye nake yi, shi kuwa wurin zama yake gyara masa.