Ƙwandalar Dalmar da Aka Hana Torquil Mai Fito

Torquil Macaskill ya ɗaure jirgin fito ranar Juma'a, ya sauko da butar shayinsa, ya tafi gida. Babban jirgin gwamnati ya karɓi aikin. Ba a yi taro ba, ba wanda ya yi jawabi. Shi ya sa na ce a ba ni wuri a jaridar tsibirin nan. Ni ne Hector, makiyayin tumaki na bayan dutse. Karatuna bai yi nisa ba, kuma ban taɓa jin kunyar hakan ba.

Tun gashinmu na baƙi yake wannan aiki. Kafin hayaƙi ya tashi a kowane gida, shi yana mashigi. Ya kwashe ruwan da ya kwana a jirgi, ya duba mai, ya dubi sama, ya yi tsaki. Sannan ya ɗauki buhun wasiƙu, da malamar jinya, da ragon wani, da duk wanda ya zo. Ana ƙanƙara ko ana iska, doka ɗaya yake da ita: wanda ya yi amai shi zai wanke. Ya taɓa sa wani babban ma'aikaci ya wanke. Na gani da idona.

Akwai kalmar da iyayenmu suke ajiyewa kamar kwat ɗin zuwa coci. Godly. Mai tsoron Allah, wanda rayuwarsa ta bi abin da bakinsa ke faɗa. Ba a faɗa wa mutum ita a gabansa, sai ya juya baya ko ya mutu. Ana faɗarta a kan gida, a kan uwa, har a kan mutuwa mai kyau. Mashaya a otal kuwa da murguɗa baki suke faɗarta in mun wuce. Yanzu jikata tana faɗarta a kan burodi da nama, ko ƙwallon da aka jefa a raga. Na ce ta rufe mini baki, ta yi dariya.

A zamaninmu kalmar tana da ma'auni. Sau biyu a shekara ake Jibin Ubangiji, inda ake zama a tebur a coci a ci gurasa. Kafin ranar, dattawan coci suna ba duk wanda suka yarda da rayuwarsa wata 'yar ƙwandala ta dalma. Babu ita, babu zama a tebur. Masu riƙe da ita su ake kira da kalmar nan. Torquil yana da tasa tun yana saurayi, kafin ni ma.

Matasa ba su san Lahadinmu ba. Ba a shanya, ba a fere dankali, lilon yara ma ɗaure shi ake yi. Jirgi ba ya motsi sai in naƙuda ce ko haɗari. Wannan dattawa sun yarda da shi.

Sai Finlay, ɗan Dolina gwauruwa, ya dawo daga aikin teku hankalinsa ya taɓu. Aka kai shi asibiti a tsallake. Asibitin ba ya barin ziyara sai ran Lahadi. Dolina ta je wurin Farquhar, babban dattijon coci, ta roƙi izini.

"Inna Dolina, ɗanki ba mutuwa yake ba," in ji shi. "Ki yi masa addu'a."

"Addu'a ina yi, Dattijo. Amma shi yanzu bai san komai ba sai fuskata."

Bai ba ta izini ba. Ran Lahadi da safe muna tafiya coci muka gan ta a mashigi, da baƙar rigarta da gwangwanin biskit a hannu. Ba ta kira kowa ba. Tsaye kawai take tana kallon ruwa. Torquil na gabana cikin kwat. Ya tsaya, ya miƙa wa matarsa Ishbel Littafinsa Mai Tsarki.

"Riƙe mini."

"Torquil, kana hauka?"

"Ki ajiye mini wurina."

Muna tsakiyar zabura muka ji inji ya tashi. Duk cocin ya ji. Ba wanda ya ɗaga kai.

Dattawa suka kira shi. Ba ni cikinsu, amma Ishbel ta faɗa wa matata, kuma ba ta ƙari.

"Ka karya Ranar Ubangiji," in ji Farquhar.

"Na kai uwa wurin ɗanta."

"Ka tashi a gaban jama'a ka ce ka yi kuskure, shi ke nan."

"To Lahadi mai zuwa fa? Za ta sake tsayawa a can."

"Sai ka wuce ta."

"Wuce ta kai, Dattijo. Ni ƙafata ba ta iya ba."

Suka riƙe ƙwandalarsa. Ya ci gaba da kai Dolina, shekara da shekaru, har aka sallami Finlay. Ga shi nan yanzu, shi ke gyara shingen gonar kowa. Da yamma Torquil kan zo sujada da gishirin teku a hannun rigarsa, ya zauna a bencin baya. Ranar Jibi, in muka tashi zuwa tebur, shi yana zaune, ya sunkuyar da kai. Bai bar cocin ba. Bai zagi kowa ba. Da mashaya suka so jan sa, wani ya ɗaga kofi ya ce, "Zo nan, Torquil, mu ba ma tambayar ƙwandala," sai ya ce, "Ku ma ba ku da abin da nake nema."

Kada a ce Farquhar munafuki ne. Ba munafuki ba ne. Wata Lahadi da safe ƙirjinsa ya riƙe. Matarsa ta ruga gidan Torquil. Torquil ya tada inji, ya hau gidan Farquhar da bargo don a ɗauke shi. Farquhar ya dube shi daga kan gado.

"Kashe injin nan. Ba zan hau abin da na hana gwauruwa ba."

"Wannan larura ce, Dattijo. Kai ka faɗa da bakinka."

"Zan kai gobe."

Bai kai ba. Kafin rana ta faɗi ya tafi. Torquil ne ya tsallako da dutsen kabarinsa, da kalmar nan sassaƙe a jiki. Ya shimfiɗa masa buhu kada ya karce. Ban yi wa Farquhar hassadar kalmar ba. Ya biya ta da ransa. Abin da ke ci mini rai shi ne mun ɗauka guda ɗaya ce, ba ta isa mutum biyu ba.

Torquil, kai ne ka kawo likita lokacin da tarakta ta danne ƙanena. Kai ne ka tsallakar da amare da gawawwaki, ba ka taɓa tambayar wane ne mai ƙwandala ba. Mai fito, gadar marasa gada. Har yau ina cewa Lahadi ta Allah ce, kuma in na ga babban jirgin nan yana zubo masu yawon buɗe ido ana tsakiyar wa'azi, jinina tafasa yake. Amma na ga wurinka a tebur babu kowa tsawon shekarun nan, kuma gurasar ba ta taɓa wuce mini wuya da daɗi ba. Na gode maka. Tsibirin nan ya gode maka, ko da bakinsa ya yi nauyi. Ku matasa, in kun ga wani tsaye a mashigi, ku tsaya. Ba ni da wani wa'azi ban da wannan.

Saura abu ɗaya. Za a rufe cocinmu a haɗe mu da na tsallake, don ba mu cika benci uku ba. Jibin wata mai zuwa shi ne na ƙarshe. Dattawa biyu suka rage. Suka ba ni ƙwandala in kai wa Torquil, suka ce ba sai ya tashi a gaban jama'a ba. Sharaɗin shi ne ya faɗa mini ni kaɗai cewa ya yi kuskure, in kai musu, ya isa.

Na same shi a kicin yana cin kifi da dankali. Ishbel ta rasu bara.

"Hector na tumaki! Wari ya riga ka shigowa."

"Kai da kake warin man inji har cikin kwat."

Na ajiye ƙwandalar kusa da farantinsa. Ya daina tauna. Ya goge hannu a wando kafin ya taɓa ta. Ya juya ta, ya sake juyawa. Na faɗa masa sharaɗin.

"Kalma ɗaya ce, tsoho. Ba mai ji sai ni, ni kuwa kunnena ɗaya ya mutu."

"Ishbel ta so ta gan ni a teburin nan," in ji shi.

"To ka zo. Mu zauna tare sau ɗaya kafin a sa mu a rami. Dolina ta mutu, Farquhar ya mutu. Wa kake yi wa taurin kai?"

"In na ce kuskure ne, na ce da na bar ta tsaye a can ke nan."

"Ko kai kawai ka gyaɗa. Ni zan san abin da zan gaya musu."

Ya daɗe yana kallon ta. Sannan ya tura ta gabana da ɗan yatsa, a hankali.

"Mayar musu, Hector. Ba zan faɗa ba."