Kuɓewar Ngurore da jan zare

Shekarun baya can, ina sabon ma'aikaci a Jimeta, na ari 'yar gona a Ngurore na shuka kuɓewa, ni da ban taɓa riƙe fartanya ba. Asabar kawai nake samun zuwa.

Da ta fara 'ya'ya sai abu ya ɗaure min kai. In bar ƙanana masu taushi, in dawo bayan mako in tarar da zanƙala-zanƙala masu tauri, wuƙa ma da ƙyar take shiga. Nan da nan zuciyata ta tafi kan maƙwabciyata a gona, wata dattijuwa da ta yi ritaya daga koyarwa. Kullum tana can, kwandonta cike da ɗanya sharaf. Na ce a raina lallai ita ke tsince masu kyau ta bar min tsofaffi. Na rage gaisuwa. Har wajen Jauro, mai unguwar wurin, na je na yi zancen a kaikaice.

Don in samu hujja, na ɗaura jan zare a wuyan ƙanana goma. Asabar na dawo da shirin rigima. Goman nan duk suna nan, kowace da zarenta, sun yi tsawo sun ƙandare.

Ina tsaye sororo sai dattijuwar ta leƙo ta kan shinge.

"Ɗana, ɓarawon ne ka kama?"

Ashe maganar ta kai mata. Ta shigo ta ɓalle guda ta tsaga.

"Duba nan. Jikinta 'yan ɗakuna ne ƙanana, kowane da bangonsa. Tana ƙarama akwai sinadaran da ke sassauta bangon don ta miƙe. In ta gama miƙewa sai su koma ƙarfafa shi. Kwana uku zuwa huɗu ne, kai kuma kana ba ta bakwai."

Na durƙusa na ce, "Mama, ki yafe min."

"Na yafe. Amma ka koma wurin Jauro ka wanke ni da bakinka."

A ranar na je na wanke ta a gaban mutane, kunya kamar in nutse.

Daga baya ita ta riƙa tsince min ran Talata tana aiko min a keke-napep. Amma sakin fuskar da take min da farko bai dawo duka ba, har ta koma garinsu. Yau in zargi ya taso min, nakan tambayi kaina ko na ma san yadda abin yake aiki. Sau da yawa ban sani ba.