Kawu Mai Hoto da Fim Ɗin da Ya Maƙale

Daga Allah muka zo, kuma wurinSa za mu koma. Da hantsin ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, ina ɗakin ba da magani a asibitin da nake aiki, babban ɗanka da muke kira Yaya Babba ya bugo mini waya ya ce Kawu ya cika. Na san kana jinya, ni ce ma mai auna maka hawan jini, amma duk da haka labarin ya zo mini ba zato.

Kawu, kai yayan mahaifiyata ne, unguwa kuma ta san ka da Mai Hoto. A shagonka na yi wayo. Har yanzu ina ganin labulen nan mai zanen kogi da matattakalar da ba ta kai ko'ina, da furannin roba, da madubi da mataji da ka ɗaure da zare don kada su bi wani gida. A bayan ƙofa akwai baƙar kwat ɗaya rataye. Duk saurayin da ya zo ɗaukar hoton neman aiki ba shi da rigar kirki, sai ka zura masa ita, ka kama bayanta da maƙalin shanya idan ta yi masa yawa. Kwat ɗin nan ta sami aiki a ofisoshi da yawa, ita ce dai ba ta taɓa karɓar albashi ba.

Ba ka yar da fim ɗin da ka wanke. Gwangwanayen biskit ka cika da su, shekara da shekaru. Lokacin da gobara ta cinye gidan mai ɗinkin da ke bayan layinku, ba ta yi kukan kaya kamar yadda ta yi kukan hoton mahaifiyarta ba. Ka zauna kana ɗaga fim ɗaya bayan ɗaya a hasken taga har ka gano fuskar tsohuwar, ka sake wanke mata, ka kai mata da kanka. Wannan labari daga bakinta na ji shi, kai ba ka taɓa faɗa ba.

Ni kuwa Gaggawa ka raɗa mini, kuma ban yi musu ba. Kakan ce fim ɗaya hoto talatin da shida ne kawai, saboda haka mai hoto ya kan duba sau goma kafin ya danna sau ɗaya. Mu masu waya, a cewarka, muna ɗaukar ɗari mu rasa na rataya a bango.

Sai dai wanzami ba ya son jarfa. Ka ɗauki rabin garin nan, amma kai ba ka da hoto, ban da na tsohon katin shaida da ya koɗe har ba a gane kowa a ciki. Duk wanda ya ɗaga maka waya sai ka tare da hannu. Wayoyin gidanmu cike suke da hoton tafin hannunka.

Bara, ranar da Yaya Babba ya dawo daga inda yake aiki muka taru a gidanka, ka ɗauko tsohuwar kyamararka mai jikin ƙarfe, wadda gefenta ya goge har jan ƙarfe ya bayyana. Ka jera mu jikin bangon tsakar gida, matarka Inna a tsakiya, ka ɗauka. Da aka watse na karɓe kyamarar daga wuyanka na ce yau sai na ɗauke ka. Ban san me ya sa ka yarda ba. Ka murza mini ita, ka je ka tsaya jikin wannan bangon, kana ta faɗa: "Matse gwiwar hannu a haƙarƙari, Gaggawa, ki riƙe numfashi." Na danna, ta yi ƙyas. Daga nan mariƙin da ake murzawa ya cije, mariƙin mayar da fim baya ma ya ƙi motsi. Hotonka ɗaya tak a duniya ya maƙale a cikin kyamarar da ta lalace.

Ka nannaɗe murfin baya da baƙin tef, ka gargaɗe mu cewa idan aka buɗe shi haske ya shiga, ko da ƙiftawar ido ne, komai ya ƙone. Da a da ne, da kanka za ka fitar da fim ɗin, amma ɗakin duhunka ya zama ɗakin ajiyar tarkace, hannunka kuma ya fara rawa. Hannu ɗaya ka yarda da shi, na abokinka mai gyara da ake kira Tabarau, shi kuwa yana can wani gari wurin 'yarsa ana yi masa aikin ido.

'Ya'yanka suka ce a saya maka sabuwa a huta. Ba zan yi maka ƙazafin taurin kai ba, domin ka auna maganar da adalci. Ka yarda sabuwa ta fi sauƙi a wuya, ta fi dacewa da idon tsoho, fim ya yi wuyar samu, kayan gyaran irin taka kuma an daina ƙera su. Amma ka ce tsohuwar ta san hannunka, kuma ba a yanke wa mara lafiya hukunci kafin likita ya duba shi. Ka ce a jira Tabarau. Ana cikin jiran ne ciwo ya kwantar da kai, kyamarar kuma ta koma saman kabad.

Bayan rasuwarka dangi na nesa suka riƙa neman hotonka, muka rasa abin aika musu. Jikokinka ƙanana ma ba za su riƙe fuskarka ba. Wannan ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Yaya Babba ya daɗe ba ya gida, kuma cikin hidimar jinya ya manta da zancen fim. 'Yarsa tana son koyon hoto, sai ya kira wani mai sayar da kyamarori da ke karɓar tsohuwa ya ba da sabuwa. Nufinsa alheri ne. Na shigo falo na tarar da mutumin ya ɗora kyamarar a cinya, ya riga ya ɓare rabin tef ɗin, farcensa yana neman makullin murfi don ya duba lafiyar cikinta. Ban yi sallama ba na fizge ta. Kawu, ranar nan dai gaggawata ta yi rana.

Yaya ya riƙe kai yana salati. Aka koma kan tsohuwar tambaya, a gyara ko a musanya, sai kowa ya dubi Inna. Ta ce, "Shi ya ce a jira Tabarau. Tabarau kuma ya dawo, jiya ya zo mini gaisuwa. A kai masa."

Shagonsa bai fi faɗin tabarma biyu ba, da matattun kyamarori jere a kan katako. Ya sa taka a cikin baƙar jaka mai hannu biyu kamar riga, ya zura hannuwansa, ya rufe idon da aka sha wahalar gyarawa. Ya daɗe yana lalube, ni kuma ina riƙe da numfashi kamar yadda ka koya mini. Da ya zaro hannu, fim ɗin yana cikin ɗan baƙin gwangwani a rufe. Ya ce haƙoran da ke jan fim ne suka cinye, kuma yana da wata matacciya irinta da zai cire wa nata.

Da aka wanko hotunan, shi ya kawo su gida, fuskarsa ba walwala. Ya ce, "Inna, ki yi haƙuri. Tun kafin ta cije fim ɗin ya daina tafiya. Na ƙarshen guda biyu sun hau kan juna."

Ta sa tabarau ta karɓa. Ga mu nan jere jikin bango yadda ka tsara mu. Ga ka kuma a tsakiyarmu, tsakanin kafaɗarta da ta Yaya, ba ka fito sosai ba amma babu mai cewa ba kai ba ne: hula a karkace, yatsa a ɗage, baki a buɗe kana yi mini faɗa. Inna ta daɗe tana kallo, sannan ta shafa wurin da yatsa ta ce, "Tunda na aure shi nake roƙonsa ya shigo cikinmu a ɗauka. Ku bar shi haka, kada a gyara komai." A nan na yi kukan da ban samu yi ba ranar Talata.

Kyamarar ta warke, Kawu. Tana wuyan jikarka, kuma Tabarau yana koya mata duba sau goma. Hoton yana bangon falo, mun kuma aika wa duk wanda ya nema.

Allah Ya jiƙan ka, Ya gafarta maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa wa samarin nan da kwat ɗinka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, da Yaya Babba da ƙannensa, da mahaifiyata da ta rasa ɗan'uwa, da Tabarau da ya rasa aboki. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen, Ya sake jera mu wuri ɗaya a gidan Aljanna, kai ma kana cikin layi. Amin.