Dattijon da Ya Ƙi Goge Suna

Ina jiran ƙanwata a wata cibiyar koyon kwamfuta a Bompai, inda ake koya wa ma'aikatan kamfanoni kula da rumbun bayanai. A layin baya akwai wani dattijo, hularsa na ajiye a gefen kwamfuta, tabarau ya sauko masa kan hanci. Faratansa sun rine, irin na wanda ya daɗe a kamfanin fata na Challawa. Da yatsa biyu yake dannawa, yana motsa leɓe kamar mai bitar karatu.

Aikin yau shi ne goge sunayen ma'aikatan da suka bar aiki. Matasan ajin sun gama tuni, shi kuwa yana karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya.

Malamar, wadda suke kira Dabora, ta tsaya a kansa. "Baba, sunayen gwaji ne, mu muka ƙirƙire su. Ku goge kawai."

"Na sani, Malama. Amma in wani ya dawo neman shaidar ya yi aiki a nan fa?"

Ta jawo kujera, ta nuna masa yadda ake adana su a wani wuri kafin a goge.

Ban san shi ba. Ina jin dai ya taɓa tsayawa a wani ofis, aka duba aka ce babu sunansa. Yanzu yana bin waɗanda ya adana da yatsa, duk suna nan. Sai ya sa hularsa, ya gyara mata zama, sannan ya danna maɓallin gogewa.