Yadda Masu Binciken Sulhu Suka Raba Mu da Lambu

Har yau in na ji an ce wasu sun zo daga jami'a yin bincike, sai in ji raina ya ɓaci. Ba na ɓoyewa. Ba na ƙaunarsu ko kaɗan, kuma ina da dalili.

Ni tela ne a unguwar Yelwa, cikin Mubi, amma da lambu aka raine mu. Kakana fataucin goro ne ya kawo shi Mubi daga ƙasar Katsina, ya ƙare a noman rani a bakin mayo, wato rafi, wajen Vimtim. Ƙasar ba tamu ba ce. Ta wani gida ce na 'yan asalin wurin, Kiristoci, su suka ba shi gefe ya shuka albasa. Babana ya tashi ya tarar da haka, ya ɗora. Mai gidan a zamaninmu wani dogon tsoho ne da muke ce wa Kawu. Ya girmi Baba kaɗan, tare suka yi wasan ƙasa.

Ga yadda ake yi. Da kaka ta wuce, ruwan mayo ya janye ya bar yashi, sai Baba ya kai wa Kawu goro da gishiri. Ba ya cewa roƙo na zo, shi ma Kawu ba ya cewa na ba ka. Hira kawai suke yi, ta masara da ciwon gwiwa. Washegari Kawu ya saɓo fartanya ya gangara, ya sari yashi a inda yake ganin ruwa ya fi kusa, ya juya ya tafi abinsa. Mu kuma mu haƙa daga nan har ruwa ya taso. In ba a yi saran nan ba, ba mai taɓa yashin. Matan gidan Kawu su ɗibi ruwa da safe, mu yi ban ruwa da hantsi, makiyaya su shayar da yamma. Albasar farko gidansu ake kaiwa. Ban taɓa jin an ɗaga murya a kan ramin nan ba.

Ana nan sai ga su a farar mota: wani malamin sashen shari'a da ɗalibansa, kowa da riga mai tambari. Wai bincike suke yi kan rabon ruwa da zaman lafiya, an ba su labarinmu, baƙo Musulmi da ɗan ƙasa Kirista suna shan rami ɗaya. Mai unguwa ya tara jama'a a gindin mangwaro, aka jera kujerun roba, aka raba lemo. Aka fito da Baba da Kawu gaba kamar ango da abokinsa. 'Ya'yan Kawu suna nan, har da babban, wanda ya dawo daga Yola ba aiki.

Malamin ya gyara tabarau ya ce, "Ruwan nan na wa ne?"

Baba ya ce na Allah ne. Kawu, da irin Hausarsa, ya ce, "Yashi na babana, albasa na shi." Aka yi dariya. Mai hankali da nan zai tsaya, ya sha lemonsa ya kama hanya. Ina! Sai ya matso da kujera. Aro ne, ko haya, ko kyauta? Wa ya shaida? Tsofaffin nan suka yi ta kallon ƙasa, don abin da suka kwashe rayuwarsu suna kewayewa ke nan, shi kuwa ya zo ya taka tsakiyarsa da takalmi.

Sannan ya dubi Kawu ya ce, "Dattijo, a ce gobe ka ce abokin nan naka ya tashi, ya ƙi, ya ce gadon kakansa ne, kuka tsaya gaban alƙali. Me za ka nuna?"

Wallahi ji na yi jinina ya hau. Na miƙe na ce, "Malam, wa ya kai maka ƙara?" Ya yi mini murmushin nan nasu na masu ilimi, ya ce in kwantar da hankalina, misali ne kawai. Ɗalibansa sai rubutu suke yi. Ni kuwa fuskar babban ɗan Kawu nake kallo. Sai na ga ya daina shan lemon.

Ranin nan ya wuce lafiya. Da kaka ta zagayo na goya Baba a babur muka kai goro. Kawu ya karɓa, sai dai babban ɗansa ya jawo kujera ya zauna tsakaninsu, abin da bai taɓa yi ba. Shi ya yi ta amsa gaisuwa. Da za mu tashi ya ce, "Malam, bana tsoho ba zai gangara ba, ƙafa ta matsa masa." Kawu yana zaune, ƙafarsa ƙalau.

Baba ya ce mu jira. Irin albasa ya riga ya fito, ya isa dashe, ni na dinga kai masa ruwa a jarka daga gari don kada ya mutu. Da na gaji na ce, "Baba, yashi ne fa. Mu ɗauki shebur mu haƙa, mu ga wanda zai hana." Ya dube ni ya ce in na ƙara faɗin haka kada in sake goya shi. Irin ya yi ja, ya kwanta. Daga baya saƙo ya zo ta bakin mai unguwa cewa yaran za su noma wurin da kansu, na bana kawai, don kowa ya ga ko na wa ne. Wannan bana har yau ba ta ƙare ba. Na ji haushinsu, amma ba kamar na wanda ya sa musu tsoron a ciki ba.

Na je jami'ar neman mutumin, ina da maganganu a bakina. Aka ce ya yi tafiya ƙasar waje, taro, zai ba da labarin yadda mutanen Mubi ke raba ruwa cikin lumana. Wata ɗalibarsa har da fara'a take gaya mini hoton tsofaffinmu ya yi kyau sosai. Na fito ban yi mata sallama ba, don in na buɗe baki ba alheri ne zai fito ba.

Baba ya koma zaman ƙofar shagona, yana kallon masu Keke Napep suna wucewa. Mutumin da rana ba ta taɓa samunsa a inuwa ba.

Wata rana da hantsi sai ga ɗan acaɓa ya sauke Kawu, shi kaɗai, ba ko jika. Ashe tambaya ya yi ta yi har ya gano shagon. Baba ya tashi da sauri ya ba shi tabarmarsa. Na shiga gida na ɗebo ruwan randa a kwanon sha, na durƙusa na miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu ya ɗora a gwiwa. Suka gaisa, suka sake gaisawa, magana ta ƙare.

Baba ya ce, "Yaya, sha mana, ka sha rana."

Kawu ya daɗe yana kallon kwanon. Ya ce, "Da wane baki?"

Baba ya roƙe shi, ni ma na sa baki. Ya zauna da mu har aka kira azahar, sannan ya ajiye kwanon a gefen tabarma a hankali, cike yadda na kawo shi, ya ce in tsayar masa da mai babur.