Ƙirya Goma Sha Biyu a Rufin Inna Tasalla

Jama'a, ni ba mai dogon karatu ba ne, kafinta ne, kuma aikin rufi na fi yi. Abin da zan gaya muku wallahi a kaina ya faru, ba ji na yi an ce ba, kuma da ina da halin ɓoye shi da na ci gaba da ɓoyewa, don ba labarin da zai ƙara mini daraja ba ne. Shekarun baya ne, ina zaune a cikin garin Daura, lokacin da mutanen ƙauye suka tashi haiƙan wajen sauke rufin ƙasa suna mayar da na kwano, saboda an gaji da yaɓe duk shekara, ga azara ta yi wuya, ga damina ba ta jiran kowa.

Bari in fara da laifina. A lokacin ina da wata ɗabi'a da yawancinmu masu wannan sana'a muka sani amma ba ma faɗa. In na sauke tsohon rufi, duk itacen da na ga yana da sauran ƙarfi sai in ware shi gefe, in ce wa mai gida gara ta gama da shi, da yamma in ɗaure a babur in wuce. Ban taɓa kiran abin sata ba a raina, cewa nake ladan wahala ne. Allah ya yafe mana.

To ana cikin bazara, zafi kamar ya dafa mutum, sai wani ɗan kasuwa da ke zaune a Kano, Alhaji Sabi'u, ya neme ni. Mahaifiyarsa na wani ƙauye gaba da Sandamu, ɗakinta na ƙasa ne tun na aurenta, bara ya yi yoyo har an tara kwanuka, yana so a sauke a buga kwano kafin ruwa ya sauka. Muka je shagon kayan gini tare, yana jin farashin bandir ɗin kwano da katako da ƙusa sai ya cire hula ya share gumi, ya ce, "Kafinta, wannan rufi ne ko kujerar Makka?" Na ce, "Alhaji, ai gara kai, sau ɗaya za ka ji zafin, in ka bari damina ta ci bangon sai ka gina ɗakin ma gaba ɗaya." Ya saya, ya koma Kano, ya bar ni da aikin.

Tsohuwar sunanta Inna Tasalla, 'yar ƙarama ce, ta rankwafa, amma idonta garau. Aka kwashe kayanta kaf aka kai ɗakin da ke kallon nata, ba a bar ko tsintsiya ba, ni da kaina na ja ƙofar na sa mata sakata ta waje don kada akuya ko wani ya shiga ƙasa ta rufto masa. Na hau da leburori biyu 'yan garin, muna fasa ƙasar da diga muna zubarwa.

Rana ta biyu muka kai kusurwar gabas. Nan na ga abin da ya ɗauke mini hankali. A ƙarƙashin azara, an jera wasu guntayen itace, ba su ɗauke da nauyin komai, ajiye su kawai aka yi. Ƙirya ce tsantsa, an sassaƙe ta sumul, kowane guntu kamar kamu biyu, faɗinsa ya ɗara tafin hannu, hayaƙin shekaru ya mayar da su baƙi suna sheƙi. Duk wanda ya san itace ya san ƙirya, ƙusa ma sai ta lanƙwashe a jikinta, kuma yanzu ba ka samun irinta a dajin nan. Na ƙirga, goma sha biyu. Nan take na mayar da ƙasa na rufe kada leburorin su gani.

Da aka kira azahar suka sauka suka tafi masallaci. Ni na ce su yi gaba ina zuwa, alhali ba niyyar salla a raina, so nake in sauke itacen ta bayan gida ba wanda ya gani. Rana tsaka, gari ya yi tsit, ko kaza ba ta motsi. Na durƙusa na zaro na farko, ƙasa ta zuba cikin ɗakin, haske ya faɗa ciki, sai na ji an ce daga ƙasa, "Sannu da aiki, kafinta."

Na leƙa ta ramin. Wani dattijo ne zaune a kan buzu a cikin ɗakin, daidai ƙarƙashin ramin, da farar riga da farar hula, ya ɗago kai yana kallona. Ya ɗaga hannun hagu yana kare haske, na ga babban yatsansa guntule ne. Na ce, "Yawwa Baba, ku fito daga nan, ƙasa na zuba." Ya ce, ba faɗa ba tsawa, kamar mai ba ɗansa shawara, "Dogayen ka kwashe, ba wanda zai tambaye ka. Gajerun nan ka bar su, da mai su, kuma an riga an auna." Na ce, "To Baba." A raina na ce wani maƙwabci ne mai sa ido ya shigo shan inuwa. Na jira kaɗan, na sake leƙawa, ba kowa. Na sauke su duka sha biyun, na tura cikin buhu.

Sai da na sauko zan wanke hannu na ga sakatar ƙofar tana nan yadda na sa ta. Kuma sai a lokacin na tuna ƙasar da ta zuba daidai kansa ta zuba, amma rigarsa fara fat, ko ƙura babu. Amma kun san zuciyar mai kwaɗayi, nan da nan ta kawo mini dalili. Na ce zafi ne ya taɓa ni.

Ranar da na gama aikin, kwano ya hau yana walƙiya, Inna Tasalla ta kira ni, ta ba ni fura a ƙwarya, ta ce, "Ɗan nan, ba ka ga waɗansu 'yan guntayen itace ta wajen gabas ba? Mai gidan nan ne ya ajiye tun yana da rai." Na ce, "Na gani Inna, ai gara ta cinye su, sun zama gari, da ƙasar muka zubar." Ta dube ni ta yi 'yar dariya ta ce, "Gara ta ci ƙirya? To, lallai garar bana ta yi haƙora." Na shanye furarta, ta sa mini albarka, na hau babur da itacenta a bayana. Wannan albarkar har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse.

Dama ɗakina na gida rufinsa na neman gyara. Na ɗauki sha ɗaya na buga su a tsakanin katakon rufin, nan ɗaya can ɗaya, a warwatse, don su ƙara masa ƙarfi. Ɗaya kuma na sa zarto na yanka, na fere wa gudumata sabuwar ƙota, ragowar matata ta hura wuta da shi.

Bayan kwana uku na dawo daga aiki da rana, na kwanta a gado in huta kafin la'asar. Matata na daka a tsakar gida, ina jin ƙarar taɓarya. Sai na ji abu mai sanyi ya faɗo mini a ƙirji. Na shafa, ƙasa ce, ja, jiƙaƙƙiya, irin wadda ake tonowa daga can ƙasa. Rufina kwano ne, ko silin babu, ina ƙasa za ta fito? Na ɗaga ido.

Wallahi tallahi, itacen nan da na buga a warwatse da hannuna, da ƙusa inci huɗu, sai na gan su sun haɗu wuri ɗaya, a jere gefe da gefe, a gicciye, daidai tsawon jikina tun daga kai har ƙafa. Wuri ɗaya ne kawai ya rage a buɗe, saitin ƙirjina, ta nan ƙasar ke zubowa kaɗan-kaɗan. Kuma ba can sama suke ba, sun sauko, da zan iya ɗaga hannu da na taɓa su. Amma hannu ya ƙi. Na ji an juya ni a kan ɓarin dama, bango ya matso ta gaba ya matso ta baya har kafaɗata na gogarsa, ƙarar dakan matata ta koma can nesa kamar daga wata unguwa, sai ƙamshin danyar ƙasa ya cika mini hanci. Ni da na sha zuwa jana'iza, na sha miƙa itace ana jerawa a kan kabari kafin a yaɓe da ƙasa, sai a wannan lokacin na gane abin da na sato. Ban taɓa ganinsa daga ciki ba ne shi ya sa.

Na yi ta neman kalmar shahada a bakina, harshe ya yi nauyi. Sai na ji muryar nan ta dattijon, a hankali, dab da kunnena, ya ce, "Saura ɗaya."

Matata ce ta ɗaga labule ta ce in tashi an kira salla. Komai ya koma daidai, itace na nan a warwatse inda na buga su. Amma ta dube ni ta ce, "Malam, ina ka shiga haka? Ji rigarka duk jar ƙasa." Ita ma ta gani, ita ta wanke rigar.

Kuna tsammani a ranar na mayar? Ban mayar ba. Kunya ta hana ni, ina tunanin da wane ido zan kalli tsohuwar. Na ƙaurace wa ɗakin, na koma kwanciya a zaure. Kashegari a zauren ma, da rana tsaka, ƙasa ta faɗo mini a ƙirji. Ban jira sauran ba, na tashi da gudu na ɗauko tsani, na ɓamɓare su duka, na kwana ban runtsa ba, gari na wayewa na ɗaure su a babur na kama hanyar Sandamu.

Ina shiga layin na hango tabarmi a ƙofar gidan, maza zazzaune, ga Alhaji Sabi'u ido jajur. Inna Tasalla ta cika da asuba. An yi mata wanka, an yi sutura, kabari ya haƙu, amma ba a ɗauke ta ba. Limamin garin, wani tsoho mai sanda, yana ganina ya miƙe ya ce, "To ga shi nan. Ku tashi." Na ce, "Allah gafarta Malam, ni ake jira?" Ya ce, "Jiya ta ce kada a sari itacen kowa, kafinta na hanya da nata."

A hanyar maƙabarta ya ba ni labarin. Mijinta, Malam Ɗanjuma, shi ya sare ƙirya a gonarsa ya sassaƙa guda ashirin da huɗu, rabi nasa rabi nata, don kada su ɗora wa kowa wahala ranar tafiya. A wajen sassaƙar ne ma gatari ya cire masa babban yatsa. Nasa an jera masa shekara tara da suka wuce. Nata ya ɓoye a rufi don kada wata rana a rasa makamashi a ƙona. Ina jin ya ambaci yatsan na gane dattijon da ya yi mini magana a ɗakin.

Aka sa ta, aka fara jera itacen, kowanne ya zauna daram kamar an gwada shi jiya. Sha ɗaya suka ƙare, ga gurbi ɗaya a buɗe, saitin ƙirjinta, ana hango farin likkafani. Liman ya juyo ya ce, "Kafinta, ina ɗayan?"

Nan ne babban laifina, wanda ya fi satar. Jama'a sun zubo mini ido, ga ɗanta a tsaye, ga guduma a cikin jakata da ƙotar ƙirya. Allah ya ba ni dama in faɗi gaskiya a bakin kabari, sai na buɗe baki na ce, "Haka na same su." Liman ya sa aka karyo reshen darbejiya ɗanye aka toshe gurbin, aka yaɓe, aka tura ƙasa.

Bayan shekara biyu na je Kano na sami Alhaji Sabi'u na gaya masa komai, ya ce shi ya yafe nasa, amma itacen ba nasa ba ne. Ƙotar na kai maƙabartar na binne a gefen kabarin. Na yi sadaka, na yi istigfari, na daina taɓa ko tsohuwar ƙusa a gidan mutane. Dattijon bai sake zuwa ba, ƙasa ma ba ta sake zubo mini ba.

Amma duk shekara, ranar da ruwan farko ya sauka, ɗigo ɗaya na faɗo mini a ƙirji, mai sanyi kamar ƙanƙara. Ni kafinta ne, na sauya kwanon ɗakin sau biyu, na bi kowace ƙusa na toshe, na matsar da gado, na sauya ɗaki, bara ma a gidan ƙanena mai rufin siminti ruwan ya same ni. Ɗigo ɗaya, wuri ɗaya. Ba na tambayar kowa ma'anarsa, don ina jin na sani, reshen darbejiya ba ya daɗewa a ƙasa.

Don haka masu gida, in za ku sauke tsohon rufi, kada tsadar kwano ta ɗauke muku hankali ku bar ma'aikaci shi kaɗai, ku tsaya a wurin, kuma ku tambayi tsofaffinku me aka ajiye a sama kafin diga ta taɓa. Ku kuma 'yan'uwana masu guduma, abin da kuka tarar a rufin mutane ku sauke shi ku miƙa, ko da guntun itace ne. Ba duk abin da aka ajiye ba ne aka manta da shi. Ga hadari can ya fara haɗuwa ta gabas yau kwana biyu, ni kuwa tun jiya hannuna ke kan ƙirjina.