Ƙafar Daman Barba Lefteris

Shekara arba'in da ɗaya Barba Lefteris ya yi tsaye gaban ƙarfen suya a gidan abincin Taygetos, nan garinmu Lowell, ni kuma na yi ashirin da shida ina ɗaukar faranti daga hannunsa. Barba muke ce wa dattawa, shi kuwa tun yana da baƙin gashi sunan ya bi shi, saboda faɗa. Yana da shekara goma sha tara ya baro ƙauyensu a Girka, ya fara da wanke tukwane. Ƙwai huɗu yake fasawa lokaci guda, biyu a kowane hannu, yana zagina wai na bar dankali ya huce. Bai yi aure ba. Idan aka tsokane shi sai ya ce, "Wace mace ce za ta zauna da mai warin albasa?"

Da maigidan ya rasu aka rufe wurin, shekara shida. Barba ya koma zaman ɗaki, hannunsa ya soma rawa. Kullum Lahadi bayan coci sai ya bi ta gaban wurin, ya leƙa ta gilashi.

Bana jikar maigidan, Fotini, ta gyara wurin za ta buɗe. Ta ɗauki sabon kuku, Wilmer, mutumin Honduras. A wajenmu ba a buɗe kasuwanci sai Fada, limamin cocinmu, ya yayyafa ruwan albarka da ganyen ɗoɗɗoya, sannan wani mai farin jini ya fara shiga da ƙafar dama. Fotini ta ce Barba take so ya zama mai ƙafar, ta aike ni.

Na same shi na ce, "Barba, Fotini na son ka ranar buɗewa."

Ya miƙe zumbur. "Na san za su neme ni! Ke Vasso, wa ya san ƙarfen nan in ba ni ba?"

Wallahi sauran maganar tana bakina, na haɗiye ta. Fuskarsa ce ta hana ni. Laifina ne, har yau ina jin kunyar abin.

Ranar Asabar ƙarfe tara muka taru a ƙofar gaba, Fada da kwanon ruwansa, tsofaffin mata cikin baƙaƙen kaya, ana ta jiran Barba. Shiru. Can sai ƙamshin albasa ya fito daga ciki. Na zaga ta baya da gudu, Fotini na biye da ni.

Ashe tun ƙarfe shida ya zo ta ƙofar kicin, yadda ya saba. Wilmer ya buɗe masa, ya ga dattijo da farin ƙyalle ɗaure a ƙugu, ya kasa hana shi. Ga shi nan ya kunna wuta yana kankare ƙarfe.

"Kun makara," in ji shi, ya juya ga Fotini. "Haka kakanki ya koya miki?"

Ni na yi ta maza. "Barba, ba aiki aka kira ka ba. Ƙafarka ake so, a ƙofar gaba. Ni ce ban gaya maka ba."

Ya dube ni, ya dubi Wilmer. Ya ɗauki ƙwai ɗaya tak, ya buga a bakin ƙarfen. Hannun ya yi rawa, ƙwan ya murƙushe a tafinsa, ya tsiyaye har gwiwar hannu. Ya daɗe yana kallon abin.

Fotini ta soma kuka. "Baba, in kana so ka tsaya, ka tsaya. Wallahi wurinka ne."

"Haba 'yata. Ki ba mutane ɓawo su ci?" Ya kwance ƙyallen, ya goge hannu, ya miƙa wa Wilmer cokalin juyi. "Gefen hagu ya fi zafi, can za ka sa nama. Kada ka bar ta ta tsaya surutu," ya nuna ni da haɓa.

Muka fita ta baya, muka zago. Ya riƙe hannuna saboda matakala. Fada ya yi addu'a, ya yayyafa masa ruwa a goshi, Barba ya ɗaga ƙafar dama ya shiga, aka yi ta tafi.

Na zaunar da shi a bakin kanta, na kawo masa gahawa. Ya kama kofin da hannu biyu, duk da haka sai da ya zuba. Daga kicin aka buga ƙararrawa, alamar faranti ya fito, sai na ga ya yunƙura zai tashi. Ya tuna, ya koma ya zauna.

"Je ki mana," ya ce a hankali. "Ba ni ake kira ba."